Shingen Tsirrai a Barandar Bene: Abin da Na Gani Bayan Wata 18

Barandar da ke gaban ɗakina tana hawa na biyar, tana fuskantar yamma, tsawonta mita 6 ne, faɗinta kuwa bai wuce mita 2 ba. Shekaru na yi ina zama a cikinta ba tare da wata damuwa ba, har ranar da aka kammala wani dogon gini a ɗaya ɓangaren titi, tagoginsa suka zo daidai da inda nake ajiye kujera. Labule yana tare iska, ga shi rana tana cinye shi cikin 'yan watanni, yarjejeniyar haya kuma ta hana huda bango ko kafa wani abu na dindindin. Wannan ne ya sa na nemi wani gidan renon tsirrai da ke yin aikin daga farko har ƙarshe, wato su zo su duba wurin, su zaɓi tsirrai da tukwane da ƙasa, su dasa, sannan su ci gaba da leƙowa na wani lokaci. Da gangan na jinkirta rubuta wannan sharhi, domin kowace shuka kyakkyawa ce a ranar da aka sauke ta daga mota, kuma sai ta sha zafi da iska da sakacin mai ita na fiye da shekara guda ake sanin ko wanda ya zaɓe ta ya san aikinsa.

Abin da ya fi burge ni a dukan aikin ya faru ne tun kafin a kawo ko da ganye ɗaya. Ma'aikacin da suka turo, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya ce in zauna a kujerata kamar yadda na saba, shi kuma ya riƙe wata doguwar sanda mai alamun awo yana bin bakin barandar da ita, yana tambaya ta a wane tsayi tagogin suke ɓacewa daga idona. Daga nan ya ce in miƙe tsaye, muka sake. Idon mutumin da ke zaune yana wajen mita 1.2 daga ƙasa, na wanda ke tsaye kuma wajen mita 1.6, saboda haka abin da ake buƙatar rufewa ya danganta da yadda ake amfani da wurin da kuma inda mai kallon yake. A ƙarshe ya nuna mini cewa abin da nake buƙata shi ne ganye mai kauri daga mita 1 zuwa mita 2.2, a tsawon mita 5 kawai, sauran mita ɗayan kuwa sararin sama yake kallo, babu dalilin toshe shi. Ni da na zo da niyyar kewaye barandar gaba ɗaya da dogayen itatuwa, sai ga mai sayar da itatuwa yana rage mini yawan abin da zan saya. Wannan kaɗai ya sa na amince da shi.

Ya kuma tambayi awa nawa rana take dukan wurin. A wajen masu lambu, wurin da ke samun rana kai tsaye na awa 6 ko fiye shi ake kira mai cikakkiyar rana, amma ya ja hankalina cewa ranar safe da ta la'asar ba ɗaya ba ne. Baranda mai kallon yamma tana karɓar rana a lokacin da iska ta riga ta yi zafi, ga bango da daɓe sun sha zafi suna mayar da shi kan ganye, har bayan faɗuwar rana suna huci. Tsiron da aka rubuta a takardarsa cewa yana son rana, a fili ake nufi, inda saiwarsa take cikin ƙasa mai sanyi, kuma wannan rubutu ba ya ba da tabbacin cewa zai jure zaman tukunya a saman bene.

Maganar nauyi ita ce ta biyu da suka yi daidai. Tukwanen da suka ba da shawara dogaye ne masu kusurwa huɗu, tsawon santimita 100, faɗi 40, zurfi 45, wato kowace tana cin lita 180. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jiƙaƙƙiyar ƙasar gona kuwa tana wuce kilo ɗaya da rabi a kowace lita, don haka tukunya guda da aka cika da ita za ta haura kilo 270. Ƙa'idar gine-gine ta Turai, alal misali, tana tsara barandar gidan zama ne a kan nauyin da ya kama daga kimanin kilo 250 zuwa 400 a kowane murabba'in mita, kuma wannan lissafi ya haɗa da mutane da kujeru da duk abin da za a ɗora. Barandar da ta fito daga jikin gini ba tare da ginshiƙi a ƙarƙashinta ba, ta fi ƙarfi ne a kusa da bango, alhali shingen kariya a can baki ake son sa, inda ta fi rauni. Gidan renon ya ƙi fara aiki sai da na kawo amsa daga injiniyan ginin, wanda ya tabbatar da cewa tawa barandar tana zaune ne a kan rufin hawan da ke ƙasa da ita, da dogari a ƙarƙashin bakinta. Jiran ya ci mini mako uku, kuma a lokacin na ji haushi, amma yanzu ina ganin duk mai wannan sana'a da bai yi irin wannan tambaya ba, bai kamata a bar shi ya hau da buhu ko ɗaya ba. A maimakon ƙasar gona sun haɗa zaren ɓawon kwakwa da ruɓaɓɓen taki da ɓawon itace da wani farin dutsen aman wuta da ake gasawa har ya kumbura ya zama mara nauyi, abin da ya rage nauyin kowace tukunya da kusan rabi.

A kan tukwanen ne na fara ganin gazawarsu. Mun yi magana a kan masu launin fari-fari, amma cikin biyar ɗin da aka kawo, biyu baƙaƙe-baƙaƙe ne, aka ce masu hasken sun ƙare, kuma launi ba wani abu ba ne. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma mai renon tsirrai ya fi kowa sanin haka. Baƙar tukunya da rana ke duka tana iya kai zafin ƙasar da ke jikin bangonta sama da digiri 50 a ma'aunin Salsiyas, saiwoyi kuwa sukan fara wahala tun kafin a kai digiri 40. A tsakiyar lokacin zafi na farko, tsirran da ke cikin waɗannan tukwane biyu suna yaushi da la'asar ko da ƙasarsu a jiƙe take, kuma da na tona gefen da ke kallon yamma na tarar da saiwoyin wajen sun yi launin ƙasa-ƙasa sun mutu. Na yi ƙorafi, suka zo suka liƙa wa tukwanen farin rufi mai hana zafi shiga, matsalar ta lafa. Gyaran bai ci mini komai ba, amma shukar ta yi asarar watanni na girma, kuma har yau ana gane bambancinta da 'yan uwanta. Haka nan ma'aikatan sun zuba tsakuwa a gindin kowace tukunya da sunan taimaka wa ruwa fita. Wannan tsohuwar ɗabi'a ce da ba ta da amfani, domin ruwa ba ya saurin ratsawa daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa mai manyan ƙofofi sai ƙasar ta cika maƙil, saboda haka jiƙaƙƙen sashen yana matsowa sama ne kusa da saiwa, ga kuma ƙarin nauyi a banza. Abin da ke fitar da ruwa shi ne isassun huji a gindi da 'yan ƙafafun da ke ɗaga tukunyar daga daɓe, kuma waɗannan sun sa su.

Gora ita ce ginshiƙin shingen, tukwane uku cikin biyar, kuma a nan iliminsu ya fito fili. Gora dangin ciyawa ce, kuma ta kasu gida biyu bisa yadda saiwarta take tafiya. Akwai mai gudu, irin su Phyllostachys, wadda take aika dogayen jijiyoyi a ƙarƙashin ƙasa su ɓullo nesa da uwar, kuma a cikin tukunya takan kewaye bango tana matsawa har ta fasa shi ko ta fita ta hujin ruwa. Akwai kuma mai zama dunƙule, wadda sabon tohonta yake fitowa dab da tsohon. Na je musu da sunan Fargesia, domin ita ake yawan yabawa a matsayin gorar tukunya, amma dattijon ya ce, “Malam, wannan gorar dutse ce mai son inuwa da sanyi, a barandarka dafuwa za ta yi.” Gaskiyarsa ne, asalinta daga dazuzzukan tsaunukan ƙasar Sin ne, kuma ganyenta yana naɗewa da zarar rana ta yi tsanani. Ya zaɓa mini Bambusa multiplex, ita ma mai dunƙule ce amma tana jure rana, irin da ake kira Alphonse Karr, mai rawayan kara da koren zane a jikinsa. Ga wanda ke zaune inda ƙanƙara ke sauka sosai lissafin zai juya, domin Fargesia ta fi ta jure sanyi nesa ba kusa ba, kuma saiwar da ke cikin tukunya ta fi wadda ke cikin ƙasa saurin daskarewa.

Cikin wata 5 gorar ta rufe tagogin da suka dame ni, kuma ita kaɗai ce ta ba da kariya tun shekarar farko. Tana da wata fa'ida da ban yi tsammani ba, wato ƙarar ganyenta idan iska ta kaɗa, wadda take ɗan danne hayaniyar titi, ko da yake kada wani ya ruɗi kansa cewa shinge mai kaurin santimita 40 yana tare ƙara da gaske. Sai dai akwai abubuwa biyu da ba a gaya mini ba. Na farko, gora a tukunya mashayiya ce ta gaske, a kwanakin zafi sai an ba ta ruwa kullum, wani lokaci safe da yamma, kuma idan ta ji ƙishi ganyenta yana naɗewa kamar tsinke cikin awoyi kaɗan. Na biyu, ko da yake ba ta taɓa zama tsirara, tana zubar da tsohon ganye da ɓawon kara duk shekara, kuma wannan shara ta taɓa toshe mini magudanar barandar a daren da aka yi ruwan sama mai ƙarfi, har ruwa ya kusa shiga ɗaki. Ragar ƙarfe 'yar ƙarama a bakin magudanar ta magance abin, kuma da sun ambata tun farko da ban kwana ina kwalfar ruwa ba.

Tukunya ta huɗu an dasa mata wata mai yaɗo da ake kira yasmin mai tauraro, Trachelospermum jasminoides a sunan kimiyya, aka kafa mata ragar katako da aka ɗaure a jikin tukunyar kanta don kada a taɓa bango. Duk da sunanta, ba yasmin ta ainihi ba ce, asalinta daga gabashin Asiya ne, kuma idan aka karya reshenta wani farin ruwa mai danƙo yake fitowa wanda ke iya sa wasu ƙaiƙayi. A shekarar farko na ɗauka an cuce ni, domin ta zauna kamar ba ta da niyyar motsi, ina hango maƙwabta ta cikin ragar sarai. Sun ce in yi haƙuri, saiwa take kafawa. A shekara ta biyu ta haye ragar har sama, ganyenta mai sheƙi ya yi kauri tun daga gindi, kuma yanzu ita ce sashen da ido ba ya ratsawa ko kaɗan, alhali kaurinta bai kai taki ɗaya ba. A baranda mai faɗin mita 2 wannan babban abu ne, domin gora tana buɗewa ta sama tana cin wurin zama. Ba ta shan ruwa kamar gora, ba ta zubar da shara, kuma idan ta yi fure ƙamshinta yana cika ɗaki da dare, har ma ya yi wa wasu yawa. Da zan sake aikin daga farko, da na ba ta tukwane uku na bar wa gora biyu.

Tukunya ta biyar ita ce babban kuskurensu, kuma ina da kaso a cikin laifin, domin ni na nace ina son launi. Sun dasa boganbiliya, wannan mai yaɗon da asalinta daga Kudancin Amurka ne, wadda ta samo sunanta daga Louis Antoine de Bougainville, matuƙin jirgin ruwan Faransa da ya kewaya duniya tsakanin 1766 da 1769. Abin da mutane ke kira furenta ma ganye ne da ya rikiɗe ya yi launi, furen gaskiyar ɗan ƙarami ne fari a tsakiya. Rana ba ta dame ta ba ko kaɗan, kuma idan ta yi ado babu abin da ya kai ta kyau a barandar. Amma a matsayin kariya daga ido ba abin dogaro ba ce, domin rassanta suna miƙewa ne nesa da juna, gindinta yana zama fayau, kuma da zarar ta ji sanyi ko fari sai ta kakkaɓe ganyenta ta bar ƙaya kawai. Ƙayar nan kuwa a ƙuntataccen wuri tana kama tufafi da hannun duk wanda ya gifta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sun haɗa ta a layin ban ruwa ɗaya da gora. Boganbiliya tana yin fure ne idan ƙasarta tana bushewa tsakanin ban ruwa da ban ruwa, kuma yawan ruwa da taki mai yawan naitirojin yana sa ta yi ganye kawai, ko ma saiwarta ta ruɓe. Wata 7 ta yi ba ta nuna launi ba, sai da na cire bututunta na koma ba ta ruwa da hannu sau biyu a mako. Mutanen da suka san bambancin gora da gora bai kamata wannan ya wuce su ba, kuma zargina shi ne wanda ya tsara shukar daban, wanda ya ja bututun daban, ba su kuwa zauna sun yi magana ba.

Ya kamata in yaba musu a kan abubuwan da suka hana ni saya. Oliyanda, wato Nerium oleander, tana jure rana da iska sosai, kuma tana yin shinge mai kauri, amma da suka ji yara suna zuwa gidan kuma akwai kyanwa, sai suka cire ta daga lissafi, domin ganyenta da furenta da karanta duka suna ɗauke da guba mai taɓa zuciya, har hayaƙinta idan an ƙona. Zaitun ya dace da zafin, amma girmansa a hankali ne kuma ana hango mutum ta cikin ganyensa. Thuja, wata bishiyar shinge mai koren ganye duk shekara, wadda ake yawan gani a hotunan talla a jere kamar sojoji, takan ƙone ta yi ja a busasshiyar iska mai zafi, kuma reshen da ya bushe har cikin tsohon itace ba ya sake toho.

Iska ce abin da ban ba muhimmanci ba sai da na gani da idona. Tana ƙara ƙarfi yayin da ake hawa sama, kuma tana busar da tukunya da sauri kamar yadda rana take yi. Shuka mai tsayin mita 2 a cikin tukunya mara nauyi tana kama iska kamar tanti, saboda haka sauƙin nauyin da aka nema don lafiyar gini shi ne kuma yake sa ta saurin kifewa. Sun magance wannan ta hanyar haɗa tukwanen da juna da ƙusoshi, suka kuma ɗaure su da ƙarfen bakin barandar da igiyar waya mai rufin roba, ba tare da huda jikin ginin ba. An yi guguwa sau biyu tun daga lokacin, babu abin da ya gusa. Shingen ganye yana da fifiko a nan a kan allo ko gilashi, domin yana barin wani kaso na iskar ya ratsa yana rage mata ƙarfi, alhali abin da ya toshe ta gaba ɗaya yana sa ta tsallake ta dawo tana juyi a bayansa.

Kulawar bayan dasawa ita ce inda hidimar ta yi rauni. Alkawarin shi ne ziyara sau huɗu a shekarar farko da musanya duk abin da ya mutu cikin wata 6. Sau uku suka zo, kuma ta ukun sai da na yi ta kira. Lokacin da wasu ƙananan ƙwari 'yan dangin gizo-gizo suka kama gorar, irin waɗanda ke yaɗuwa a wuri mai zafi da bushewa suna barin ɗigo-ɗigon fari a ganye da siririyar yana a ƙarƙashinsa, kwana 10 na yi ina jiran amsa, kafin nan na riga na shawo kansu da wanke bayan ganyen da ruwa mai ƙarfi duk bayan kwana biyu. Ba su bar mini takardar bayani ko ɗaya ba, don haka da kaina na gano cewa takin da ke cikin ƙasar tukunya yana ƙarewa cikin 'yan watanni saboda yawan ban ruwa yana wanke shi, kuma farin gishirin da ke taruwa a saman ƙasa yana buƙatar a riƙa kwarara ruwa mai yawa lokaci-lokaci har ya fita ta gindi. Na'urar ban ruwa ta ɗigo-ɗigo mai agogo da suka sa kuwa tana aiki lafiya, batirinta kawai nake canzawa, kuma ba don ita ba da gorar ba ta tsira daga tafiyar mako biyu da na yi ba.

Ga wanda bai taɓa rainon shuka ba kuma yake zaune a saman bene, ina ganin irin wannan hidima ta cancanci abin da aka biya, musamman saboda awon farko da lissafin nauyi da ɗaurin tukwane, waɗanda kuskure a cikinsu yana iya wuce asarar shuka. Wanda ya riga ya saba da lambu zai iya biyan ziyarar shawara kaɗai ya yi sauran da hannunsa. Ko wanne mutum ya zaɓa, ya nemi a rubuta masa cikakken sunan kimiyya na kowace shuka a takardar ciniki, domin kalmar gora kaɗai ba ta gaya masa ko mai gudu ce ko mai dunƙule, ya kuma ƙi karɓar tukunya mai duhun launi komai zaƙin bakin mai kawowa, sannan ya tambaya ko kowace shuka tana da nata ma'aunin ruwa.

Yanzu gorar ta cika tukwanenta har ruwa yana bin gefe yana fita ba tare da ya jiƙa tsakiya ba, alamar lokacin raba ta ya yi, aikin da ake yi duk bayan shekara biyu zuwa uku da zarto da ƙarfin mutum biyu. Na tambayi gidan renon ko suna yin wannan, suka ce suna yi amma da lissafinsa daban, kuma sun sa mini rana a farkon wata mai zuwa. A ranar nake so su kwashe tsakuwar da ke gindin tukwanen, su kuma matsar da boganbiliyar zuwa kusurwar da ke kallon sararin sama, a dasa yasmin ta biyu a gurbinta, domin ta wannan gefen har yanzu ina hango tagar hawa na shida idan na miƙe tsaye.